Mamacin da ba shi da kabari: Roberto Clemente, masoyansa da masu tara katinsa

A daren 31 ga watan Disamba na shekarar 1972, lokacin da mutanen tsibirin Porto Riko ke shirin tarbar sabuwar shekara, wani tsohon jirgin sama mai injin huɗu, samfurin DC-7, ya tashi daga filin jiragen birnin San Juan ɗauke da abinci da magunguna da tufafi, ya nufi ƙasar Nikaragwa. Bai yi nisa ba ya faɗa cikin teku, daura da gaɓar Isla Verde. Mutum biyar ne a cikinsa, babu wanda ya tsira. Ɗaya daga cikinsu shi ne Roberto Clemente, ɗan wasan besbol mai shekara 38 da haihuwa, wanda a wancan lokaci babu ɗan tsibirin da ya kai shi suna. Masu nutso sun yi kwanaki suna lalube a ƙarƙashin ruwa, an samo gawar matuƙin jirgin, an tsinci jakar hannun Clemente babu kome a cikinta, amma gawarsa ba a same ta ba har yau.

Sama da shekaru 48 bayan wannan dare, a shekarar 2021, an sayar da wani ɗan kati na kwali mai ɗauke da hotonsa, wanda bai fi tafin hannu girma ba, a kan kuɗin da ya zarce dalar Amurka miliyan ɗaya, wato abin da ya haura miliyan 500 na kuɗin sefa. Mutumin da ya rasa ransa a kan hanyar kai shinkafa da magani ga waɗanda ba su da kwabo, shi ne hotonsa ya zama kadarar da attajirai ke gogayya a kanta a wurin gwanjo. Wannan al'amari yana tayar da tambayar da ta shafi kowane ɗan Adam, ko da bai taɓa ganin filin besbol ba: mene ne rayayye yake bin mamacin da ya ƙaunata? Kuma wanda ya adana kayan mamaci ya sa musu farashi, tunawa yake yi da shi ko kuwa cin moriyarsa yake yi?

Ɗan gonar rake

Domin a fahimci girman mutumin, wajibi ne a ɗan bayyana wasan. Besbol wasa ne na ƙungiyoyi biyu, mutum tara-tara. Mai jifa yana wurgo ƴar ƙwallo mai tauri da iyakar ƙarfinsa, mai bugu kuma yana tsaye da kulkin icce yana ƙoƙarin make ta. Idan ya buge ta, ya sheƙa da gudu ya isa zangon farko kafin abokan hamayya su cafke ta a sama ko su riga shi kai ta can, sai a rubuta masa ingantaccen bugu ɗaya. Abin yana da wuya ƙwarai, har ta kai wanda ke dacewa sau uku cikin goma ana ƙidaya shi cikin gwanaye. Clemente ya gama rayuwarsa ta wasa yana dacewa sau 317 cikin kowane dubu.

An haife shi ranar 18 ga watan Agusta na shekarar 1934 a garin Carolina. Mahaifinsa, Melchor, shugaban leburori ne a gonar rake, sunan mahaifiyarsa kuwa Luisa Walker. Daga shekarar 1955 zuwa 1972 ya yi wa ƙungiya ɗaya tak wasa, wato Pirates ta birnin Pittsburgh a Amurka, yana sanye da riga mai lamba 21, yana tsaron gefen dama na bayan fili, inda ya yi suna da ƙarfin damtse wajen mayar da ƙwallo daga nesa. Sau huɗu yana zama zakaran masu bugu na rukuninsu, sau 12 a jere yana karɓar lambar gwanin tsaron fili, aka zaɓe shi ɗan wasan da ya fi kowa a rukunin a shekarar 1966. Ƙungiyarsa ta ɗauki kambin gasar ƙarshe, wadda Amurkawa ke kira World Series, a 1960 da 1971. Ranar 30 ga Satumba 1972 ya yi ingantaccen bugunsa na 3000, ya zama mutum na 11 da ya kai wannan adadi a tarihin wasan. Mutane dubu 13 da ƴan kai ne kawai suka halarci filin a ranar, alhali filin yana ɗaukar kimanin dubu 50. Babu wanda ya san lissafin a nan zai tsaya, 3000 cif, babu ƙari babu ragi.

Ranar 23 ga Disamba girgizar ƙasa ta rushe Managwa, babban birnin Nikaragwa, dubban mutane suka hallaka. Clemente ya san garin, domin makonni kaɗan kafin nan ya je can yana jagorantar ƙungiyar Porto Riko a wata gasa. Ya shugabanci kwamitin tara agaji a tsibirinsu, aka aika jirage uku na kaya. Sai labari ya iso masa cewa dakarun Anastasio Somoza, mai riƙe da ragamar ƙasar, suna karkatar da kayan ba sa isa ga mabuƙata. Ya yanke shawarar raka jirgi na huɗu da kansa, bisa tunanin cewa idan yana tsaye a wurin za a ji nauyin idonsa. Jirgin da aka samo masa tsoho ne mai matsala, kuma an yi masa lodin da ya wuce kima da kusan tan biyu.

Yadda aka yi makokinsa

Abin da ya biyo baya ya nuna hanyoyi dabam-dabam da ɗan Adam ke bi idan ya rasa wanda yake so. Abokin wasansa Manny Sanguillén, ɗan ƙasar Panama, bai halarci addu'ar da aka shirya a coci ba, ya zaɓi ya yi ta nutso a tekun da ake tsoron kifayensa masu cin mutum, yana neman gawar amininsa. Matarsa Vera Zabala, wadda ya bar wa ƴaƴa maza uku ƙanana, ta shafe sauran rayuwarta, har zuwa rasuwarta a 2019, tana kula da ayyukan taimako da aka kafa da sunansa. Hukumomin wasan su ma sun yi nasu. A ƙa'ida sai ɗan wasa ya shekara biyar da barin fili kafin a duba cancantarsa ta shiga zauren gwanaye da ke garin Cooperstown a jihar New York, amma a 1973 aka jingine ƙa'idar aka shigar da shi, ya zama ɗan Latin Amurka na farko da ya samu wannan matsayi. A shekarar ce kuma ƙungiyar Pirates ta jingine lamba 21 daga rigunan ƴan wasanta, aka kuma sa sunansa ga lambar yabon da ake ba ɗan wasan da ya fi hidima ga jama'a a kowace shekara.

Birnin Pittsburgh ya rubuta sunansa a ƙarfe da dutse. Akwai mutum-mutuminsa a bakin filin wasa. Gadar da ke kai mutane filin ta koma gadar Roberto Clemente, kuma a ranakun wasa ana hana motoci hawanta domin masu tafiya a ƙasa. Da aka buɗe sabon filin ƙungiyar a 2001, an gina katangar gefen dama da tsawon ƙafa 21 daidai, domin lambar rigarsa. A wata unguwa ta birnin an mayar da tsohon gidan ƴan kwana-kwana gidan tarihi, inda aka tara rigunansa da kulakensa da hotunansa da wasiƙunsa. Yabon gwani ya zama dole, kuma babu mai hankalin da zai ga laifin waɗannan abubuwa. Inda magana take da ƙaiƙayi shi ne wajen katin nan na kwali da kasuwar da ta kewaye shi.

Tarihin ɗan kwali

Katin ƴan wasa tsohuwar al'ada ce a Amurka. Tun cikin shekarun 1880 kamfanonin taba ke sa shi cikin kwalin sigari don jawo masu saye, daga baya masu sayar da cingam suka karɓe sana'ar. A shekarun 1950 yaro yakan ba da ƴan kwabbai ya karɓi ƙunshin cingam na kamfanin Topps, a ciki ya tarar da katuna masu hoton ƴan wasa a gaba da lissafin bajintarsu a baya. Yara suna musaya da juna, suna wasan jifa da su a jikin bango, suna maƙala su a gindin tayar keke domin su riƙa ƙara kamar babur. Idan yaro ya girma ya bar gida, sau da yawa uwarsa takan share ɗaki ta zubar da su cikin shara. Saboda haka waɗanda suka tsira ba tare da lanƙwasa ko tabo ba kaɗan ne, kuma ƙarancin nan shi ne tushen tsadarsu.

Daga shekarun 1990 aka samu kamfanonin da sana'arsu ke nan duba katin da madubin ƙara girma, su auna kaifin kusurwoyinsa da daidaiton hotonsa, su ba shi maki daga 1 zuwa 10, sannan su rufe shi cikin ƴar akwatin roba da ba a buɗewa. Katin farko na Clemente, na shekarar 1955, mai lamba 164, shi ne wanda ya zarce dalar Amurka miliyan ɗaya, saboda ya samu maki 9. Bai ma kai wasu ba, domin a 2022 an sayar da katin Mickey Mantle na 1952 a kan dalar Amurka miliyan 12.6. Irin wannan katin dai, idan yaro ya riƙe shi a aljihu ya so shi har gefensa ya cinye, darajarsa a kasuwa takan faɗi warwas.

Hujjar masu tarawa

Adalci ya wajabta a fara sauraron masu tara katin kafin a yanke musu hukunci. Mafi yawansu ba attajirai ba ne. Akwai tsohon ma'aikacin masana'antar ƙarfe a Pittsburgh da mahaifinsa ya kai shi kallo yana yaro, akwai ɗan Porto Riko da ya tashi a baƙunta a New York, wanda hoton Clemente a bangon ɗakinsu ya nuna masa cewa mai irin fatarsa da irin harshensa yana iya tsayawa gaban kowa. Katin da ke hannun irin waɗannan mutane ya tsufa ya ƙoƙe, ba zai yi kuɗin kirki ba, kuma ba su da niyyar sayar da shi. Duk wanda ya taɓa ɓoye carbin mahaifinsa ko zanen mahaifiyarsa a ƙasan adaka ya san abin da suke ji. Zuciyar ɗan Adam ba ta iya riƙe wanda ya tafi da tunani kaɗai, tana neman abin da hannu zai taɓa. Ga Clemente kuwa buƙatar ta fi tsanani, domin babu kabarin da za a ziyarta. Masoyansa ba su ga gawa ba, ba su zuba ƙasa ba, sai makokin ya nemi wurin sauka ya sauka a kan riga da kulki da kati.

Hujja ta biyu ta fi wannan ƙarfi. Kayan da aka adana shaida ne, kuma gani ya kori ji. Wanda ya jera katunan Clemente shekara bayan shekara zai ga abin da littafin yabo kan tsallake. A katin 1955 da na 1956 an rubuta sunansa Roberto. Daga 1957 har zuwa 1969 sai aka riƙa rubuta Bob Clemente, wato aka yanke sunan da iyayensa suka raɗa masa aka maye gurbinsa da wanda ya fi sauƙi a bakin Amurkawa, alhali ya sha faɗa cewa ba ya son a kira shi haka. Sai a 1970 sunansa na gaskiya ya dawo. Shekara 13 ke nan na raini da aka buga da tawada, aka sayar wa yara tare da cingam. Da masu tarawa ba su adana waɗannan kwalaye ba, da ana iya musanta labarin ko a ce ƙari ne. Ko allon tagulla da aka rataya masa a zauren gwanaye ya zo da kuskure, aka juya sunayen aka rubuta Roberto Walker Clemente, domin masu rubutun ba su san cewa a al'adar masu jin Sifaniyanci sunan dangin uba ke gaba, na uwa ya biyo baya ba. Sai a shekarar 2000 aka gyara ya koma Roberto Clemente Walker. Mai adana kayan tarihi, ko da bai nufa ba, yana tsare gaskiyar da masu iko da alƙalami za su so a manta.

Inda kasuwa ta saɓa wa mamacin

Duk da haka akwai abubuwa guda biyu a cikin wannan kasuwa da ya kamata su hana mai tunani sakat. Na farko, mutuwa tana ƙara wa kayan mamaci kuɗi. Ɗan wasan da ke raye yana iya sa hannu a kan ƙwallo dubu gobe, amma wanda ya mutu yana da shekara 38 sa hannunsa ya ƙare, ba za a sake samun wani ba. Ranar da gidan Clemente ya shiga makoki, duk wanda ke riƙe da takarda mai sa hannunsa dukiyarsa ta ƙaru ba tare da ya motsa yatsa ba. Faɗuwar wani tashin wani, in ji masu iya magana. Ba za a ce mai katin ya yi laifi ba, tunda ba shi ya lafta wa jirgin kaya ba. Amma akwai bambanci tsakanin wanda riba ta same shi daga mutuwar wani ya ji nauyinta, da wanda ya zauna yana lissafin wane tsohon ɗan wasa ne ya kusa mutuwa domin ya sayi katinsa tun da araha. Na biyun ya mayar da ajalin mutane abin jira kamar yadda ɗan kasuwa ke jiran hatsi ya yi tsada. Kuma inda kuɗi suka shiga, jayayya tana biye da su: kulki fiye da ɗaya ake da'awar cewa da shi ne Clemente ya yi bugunsa na 3000.

Na biyu ya fi zurfi. Ma'aunin da kasuwa ke auna kati da shi kishiyar ma'aunin da ya sa aka ƙaunaci mutumin ne. Kati yana tsada ne gwargwadon yadda ba a taɓa shi ba, ba a yi amfani da shi ba, an killace shi daga iska da hannun yara. Clemente kuwa ya samu ƙauna ne saboda ya ƙi killace kansa. Ya yi wasa da ciwon baya da ya samu a hatsarin mota tun 1954. Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi kafin kakar wasan 1965, ya tashi a rame ya sake zama zakaran masu bugu a wannan shekarar. Yana koya wa yaran talakawa wasa kyauta a garuruwan tsibirinsu. A ƙarshe ya hau jirgin da mai tattalin kansa ba zai hau ba, a daren da kowa ke gida tare da iyalinsa. Attajirin da ya kulle hotonsa a ma'ajiyar banki yana jiran farashi ya tashi, ya mallaki siffar mutumin amma ya aikata akasin abin da mutumin ya rayu a kansa.

Cin amana na masu yabo

Kada a ɗauka masu kuɗi kaɗai ke iya cin amanar mamaci. Masoya ma suna yi, ta hanyar da ta fi laushi. Bayan mutuwarsa an mayar da Clemente kamar waliyyi mai murmushi, mai haƙuri, wanda bai taɓa ɓata wa kowa rai ba. Wanda ya rayu ba haka yake ba. Mutum ne mai zafin zuciya da jin kansa, mai faɗin abin da ke ransa. A lokacin horon share fage a garin Fort Myers na jihar Florida, inda dokokin wariyar launin fata ke aiki, ana sauke fararen ƴan wasa a otal, shi da sauran baƙaƙe a kai su gidajen mutane a unguwar baƙaƙe. Idan an tsaya cin abinci a hanya sai a bar su cikin mota a miƙo musu ta taga. Ya ƙi yarda da wannan, ya yi ta faɗa har ƙungiyar ta samar musu motarsu ta kansu. Ƴan jarida suna rubuta maganarsa yadda za a yi wa lafazinsa dariya, suna kiran sa mai ciwon ƙarya, shi kuma yana mayar musu da martani a gaban kowa. Da aka zo zaɓen gwanin shekarar 1960 aka sa shi na takwas, ya ɗauki abin a matsayin wariya bai kuma ɓoye fushinsa ba. Da aka kashe Martin Luther King a watan Afrilun 1968, yana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata cewa ba za su buɗe kakar wasa ba sai an yi jana'iza, kuma haka aka yi. Da ya ci gasar 1971 aka miƙa masa makirfo a gaban miliyoyin masu kallon talabijin, ya fara da gaida iyayensa da Sifaniyanci kafin ya juya Ingilishi.

Wanda ya tuna da jirgin agaji ya manta da motar Florida ya sake raɗa masa suna Bob ne ta wata hanya. Ya datse abin da ke da nauyi a bakinsa ya bar abin da ke da daɗin faɗa. Alhali kuwa halin da ya hana shi yin shiru a Florida shi ne halin da ya hana shi zama gida lokacin da ya ji sojojin Somoza na sace abincin marayu. Fushin da jinƙan daga tushe ɗaya suka fito, wato ƙin ganin an wulaƙanta mutum. Al'umma tana son mamacin da ba ya tuhumar ta, shi ya sa take gaggawar goge kaifin mutanen kirki da zarar sun kwanta dama. Malamin da ke ba ɗalibai tarihin wani gwarzo, ko ƙungiyar al'adu da ke shirya bikin tunawa da wani nata, suna fuskantar wannan jarrabawar: ko su faɗi abin da mamacin ya yi faɗa a kansa da waɗanda ya yi faɗan da su, ko su tsaya ga kirari da hoto.

Abin da shekarar 2017 ta nuna

Abubuwa biyu sun faru a shekarar 2017 da suka sa tambayar ta fito fili. A watan Yuli iyalin Clemente suka fitar da ɗaruruwan kayansa aka yi gwanjonsu a birnin Miami, ciki har da zobbansa na zakara da lambobin yabonsa. Wasu masoya sun ji zafin abin, suna ganin kayan na gidan tarihi ne. Sai dai gado haƙƙin magada ne, kuma ƴaƴan da suka tashi babu uba ba sa buƙatar izinin baƙo kafin su yi abin da suka ga dama da zoben mahaifinsu. Nauyin ya koma kan masu saye: ko su ɗauki kansu masu riƙon amana, su bari a gani, su ba gidajen tarihi aro, ko su ɓoye. Wata biyu bayan gwanjon, a Satumba, guguwar Maria ta ragargaza Porto Riko, ta bar tsibirin cikin duhu da ƙishirwa. Sai ƙungiyar Pirates da mutanen Pittsburgh suka tara ruwa da abinci da sauran kayan buƙata, aka loda a jiragen sama, wasu ƴan wasa da shugabannin ƙungiyar suka raka kayan da kansu har hannun mabuƙata. Akasarin waɗanda suka kawo gudummawar ba su taɓa ganin Clemente a fili ba, da yawansu ma ba a haife su ba a 1972. Abin da suka sani kawai shi ne akwai wani mai lamba 21 da ya taɓa ɗaukar irin wannan kaya bai isa da su ba. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Daga nan ana iya fitar da ma'auni mai sauƙi. Adana kayan mamaci halal ne ga zuciya, sayar da su ma ba abin kunya ba ne, amma babu ɗaya daga cikin biyun da ya isa ya sauke bashin da mamaci ke bin masoyansa. Tunawar da ta cika ita ce wadda ke cin wani abu daga mai tunawa, lokacinsa ko dukiyarsa ko kwanciyar hankalinsa, amfanin kuma ya tafi ga wani mutum na uku, kamar yadda na mamacin ya tafi. Katin yana da amfani matuƙar yana tura mai riƙe da shi zuwa ga wannan aiki. Uban da ya ciro tsohon kati ya ɗora a tafin ɗansa, ya bar shi ya taɓa, ya karanta masa sunan Bob ya gaya masa dalilin da ya sa sunan ƙarya ne, ya ba shi labarin Managwa da na Florida gaba ɗaya, ya rage wa katin maki a idon masu duba kusurwa, amma ya yi amfani da shi yadda ya dace da mai hoton.

Kowace shekara, ranar 15 ga Satumba, ana bikin tunawa da Clemente a filayen besbol na Amurka, ƴan wasa da dama suna sanya lamba 21, kowace ƙungiya cikin 30 tana gabatar da ɗan wasanta da ya fi taimakon jama'a. A ranar ce kuma ƴan kasuwa ke baje riguna da katuna a bakin ƙofa. Hannu ɗaya kan iya sayen rigar ya kuma sa kuɗi a akwatin agaji, shi ya sa ba a iya raba mutane gida biyu a ce waɗannan masoya ne, waɗancan ƴan ci-da-gumi. Rabuwar tana cikin zuciyar kowane mai tunawa, kuma shi kaɗai ya san abin da ya yi da sunan mamacin bayan an kashe fitilun filin kowa ya koma gida.